Tambaya Ta Goma Sha Bakwai

Ƙungiyar tsofaffin ɗaliban wata makaranta a Ƙofar Guga tana ɗaukar nauyin yarinya guda a shekara zuwa sakandaren kimiyya ta kwana. Guda tak, kuma jarrabawa ce ke fitar da ita. Shekara goma sha ɗaya ke nan Malam Sammani, tsohon malamin lissafi, shi ke tsara tambayoyin, ya rubuta amsoshinsu a takarda daban, masu duba takardu su bi ta layi layi. Ba a taɓa dawo masa da komai ba sai ranar Asabar ɗin nan, bayan azahar, da Malama Zainab, ɗaya daga cikin masu dubawar, ta ajiye masa takardar jarrabawar wata yarinya a gaba ta koma gefe ta tsaya.

Tambaya ta goma sha bakwai ce, mai maki biyu: lambobi nawa ne tsakanin ɗaya da goma? A takardar amsoshi ya rubuta takwas. Yarinyar, Fiddausi, ta rubuta cewa ba su ƙirguwa, don akwai ɗaya da rabi, akwai ɗaya da kwata, kuma kowane rabi yana da nasa rabin. Malama Zainab ta riga ta soke amsar da jan biro kamar yadda ƙa'ida ta ce, amma abin ya hana ta cin abinci. Fiddausi na da arba'in da ɗaya. Wadda ta zo ta ɗaya, Safiya, na da arba'in da biyu, kuma takwas ta rubuta.

Malam Sammani ya karanta sau uku. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, amsar tana nan yadda take. Ya miƙe ya je bakin taga, ya dawo, ya sake zuwa. Abin da yake nufi cikakkun lambobi ne, to amma bai rubuta haka ba. Shekara talatin yana gaya wa yara cewa rabi lamba ne, yau ga wadda ta yarda da maganar, an soke ta da jan biro a bisa umarninsa.

Bayan la'asar ake liƙa sakamako a ƙofar makaranta, kuma sai da sa hannunsa. Shugaban ƙungiya, Alhaji Bashir, mai sayar da hatsi a Babbar Kasuwa, ya iso da takardar sakamakon a buge, da hatimi, da sunan Safiya a sama. Ya saurari bayanin yana kaɗa makullin mota.

"Malam, rabi ai ba lamba ba ne, guntun lamba ne. In na aike ka ka ƙirgo mani raguna, rabin rago za ka kawo?"

"Ranka shi daɗe, ban ce raguna ba. Da na ce raguna, da yanzu ina gida."

Malama Zainab ta ce a hankali ita dai ta sha sayen rabin tiya a rumfar Alhaji, kuma ba a taɓa ce mata babu irin wannan awo ba. Alhaji ya yi dariya, ya ce ita ma ta koma ɓangaren 'yan tawaye ke nan. Sai ya daina dariyar. Ya ce yara sittin da wani abu suka zauna, kusan duka takwas suka rubuta, wasu goma, ashe duk jahilai ne sai ɗiya ɗaya? Malam Sammani ya ce ba jahilai ba ne, sun san abin da tsoho yake so ya ji, sun ba shi. Ya kawo shawarar a soke tambayar ga kowa. Malama Zainab ta duba, ta ce ko an soke, Safiya ta koma arba'in, Fiddausi na nan a arba'in da ɗaya. Ta kowace hanya wurin ya bar hannun Safiya.

Da ma a ce Safiya ɗiyar wani babba ce, da abin ya zo masa da sauƙi, ya yi gaskiyarsa ya ji daɗin kansa. To mahaifinta mai gyaran keke ne a Ƙofar Durbi. Kuma Alhaji Bashir, da ba ya iya riƙe albishir a baki, ya riga ya buga masa waya tun hantsi.

Aka kira salla. Malam Sammani ya yi ta, amma ko a raka'a ta uku yana tsakanin ɗaya da biyu, yana rabawa yana sake rabawa. Da suka dawo, mutane sun fara taruwa a ƙofa, wasu kan babura, wasu a inuwar darbejiya. Alhaji ya tura masa takardar da biro. Ya ce babu wanda ya san wannan magana sai su uku, kuma yarinyar da ta iya irin wannan tunani ba za ta rasa hanya ba.

"Haka ake cewa kullum a kan wanda za a bari a baya," in ji Malam Sammani.

Ya zauna, ya tashi, ya sake zama. Ya ja layi a kan sunan Safiya, ya rubuta Fiddausi da hannunsa, ya sa hannu a ƙasa, sannan ya ƙara layi ɗaya: kuskuren na mai tsara tambaya ne.

Alhaji Bashir ya daɗe yana kallon takardar. Ya ce to, za a liƙa. Amma baɗi ƙungiya za ta nemi wani ya tsara tambayoyi, wanda ya san abin da yake tambaya. Kuma shi ba zai sake kiran mai gyaran keke ba. Wanda ya kwance, shi zai je ya faɗa.

Malam Sammani ya ce daidai ne, duka biyun. Ya ɗauki hularsa ya fita ta ƙaramar ƙofa. Ya tsayar da ɗan acaɓa, ya ce Ƙofar Durbi, amma da suka kusa sai ya sauka, ya ƙarasa da ƙafa, don bai gama haɗa abin da zai faɗa ba. Tun daga nesa ya hango rumfar mai gyaran keken. Mutumin ya ajiye aiki, yana raba wa maƙwabta goro.