Hular Shugaban Tasha

Shekara talatin da takwas ke nan rabon da jirgin ƙasa ya hau tudun ƙauyen nan na tsibirin Kubrus, inda layin dogo ya ƙare. An tone ƙarafan, awaki sun gaje dandamalin tashar, amma har yau hoton jirgin ƙarshe na rataye a gidan kofi. Teodulos ba ya yarda ya zauna yana fuskantarsa.

Shi ya riƙe tashar shekara goma sha bakwai. Ranar da aka ɗauki hoton kuwa kwanan mahaifinsa tara a kabari, gemun makoki ya cika masa fuska, don ba a aski sai an yi arba'in. Ya ga bai dace ma'aikacin jirgi ya tsaya gaban mai hoto buzu-buzu ba, sai ya ɗora hularsa a kan Sabbas, mai tallar lemo a bakin dandamali. Tun daga ranar baƙi ke nuna Sabbas suna cewa ga shugaban tasha. Sabbas kuma sai dai ya yi murmushi.

Da Malama Evantiya ta makarantar ƙauyen ta zo da littafinta za ta rubuta tarihin tashar, wurin Sabbas ta nufa a gidan kofin. Teodulos ya ji kofin ya zame masa maɗaci. Ya jawo kujera.

"Malama, tambayi shugaban naki yadda ake juya kan jirgi. Ko ɓawon lemo ake shimfiɗa masa ya zame?"

Aka kwashe da dariya. Sabbas ya shafa gashin baki.

"A kan faifan ƙarfe, mutum huɗu ke turawa. Sai nauyin ya zauna a tsakiya, tankin ruwa rabi, in ba haka ba ko jaki goma ba su motsa shi. A danna sakata, sannan a ɗaga tuta. Na yi kuskure, tsohon zakara?"

Bai yi ba. Teodulos ya ji kamar an shiga ɗakinsa an kwashe masa kaya.

"Ina ka sato wannan?"

"A wurinka mana. Shekara goma sha bakwai ina bayan kwando ina kallonka, zuciyata na ƙuna. Kai da usur, ni da korar ƙuda." Ya juya wurin malamar. "'Yata, rubuta Teodulos. Ni ɗan aron hula ne."

Ta rubuta. Wuri ya kaure da tafi, mai shago ya sumbaci goshin Sabbas, wani ya ce irin wannan gaskiya ta yi ƙaura daga duniya. Babu wanda ya waiwayi Teodulos. Ya leƙa littafin, ga sunansa nan ɓaro-ɓaro, abin da ya tsufa yana jira. Ya dubi Sabbas a tsakiyar mutane, ya tambayi kansa: me ya sa Sabbas ne ya yi kyautar sunan, ba shi ba?