Gurbin Ƙarin Bayani

Shekara goma sha tara Uwar Fayil ta yi tana riƙe da rajistar marasa lafiya a asibitin, cikin ɗaki mai taga ɗaya da fanka mai kuka. Duk Alhamis tsohuwar kwamfuta kan kwashe awa bakwai tana kwafe rajistar zuwa faifan ajiya. Da aka sayo sabuwa, sai aka kira injiniyan da ma'aikata suka laƙaba wa Sha-yanzu. Ya kwafe, ya zuba a sabuwar, duka cikin minti ashirin da biyu. Shugaban asibiti ya yi masa tafi a tsaye, abin da bai taɓa yi wa likita ba.

Washegari dab da tsakar rana Uwar Fayil ta buɗe fayil ɗaya, ta buɗe na biyu, ta cire tabarau ta goge, ta sake dubawa, ta kira Sha-yanzu.

"Injiniya, ina gurbin ƙarin bayani?"

"Ai shi ne asirin, Mama. Na raba aikin gida huɗu, na matse bayanan, sannan na sauke kayan nauyi. Gurbin nan da hotunan takardun da kuka liƙa masa sun cinye kashi tara cikin goma. Surutun akawu ne kawai."

"Ka karanta surutun?"

"Wa ke karanta bola kafin ya zubar?"

Ta zauna a hankali. Waɗanda suka tsara tsohuwar manhajar, saboda kyautata zato ga asibiti, ba su ware wa mutuwa gurbi ba. Don haka duk wanda ya cika, a ƙarin bayani take rubuta: "Ya rasu, kada a kira gida," ta liƙa hoton takardar shaida. Mutum dubu biyu da ɗari shida. Yanzu sabuwar kwamfuta ta tashe su gaba ɗaya, ba ƙaho ba hisabi.

"To, a dawo da gurbin mana," in ji Sha-yanzu, murya ta ɗan yi sanyi. "Yana nan a tsohuwar. Awa bakwai ne."

"Saƙon tunin da ka yi wa shugaba alfahari da shi fa? Wanda zai je wa duk wanda ya shekara bai zo ba?"

Ya dubi agogon bango. Sha biyu saura minti uku.

"Tun safe na miƙa jerin ga kamfanin waya, Mama. Sha biyu daidai zai fita."

Ya hau latse-latse, gumi na ɗiga a kan maballai. Ita kuwa tana ganin fuskoki: matar direban nan da ta suma a baranda, dattijon da ya binne 'yan biyu mako guda.

Wayarta ta yi ƙara cikin jaka. Lambarta ce a fayil ɗin mahaifiyarta. Da hannunta ta cike wa marigayiyar gurbin, shekara shida da suka wuce.

"Mun yi kewarki," in ji saƙon. "Likita na jiranki ranar Litinin."

A ɗakin karɓar baƙi, wayar asibiti ta fara kuka.