Walda a Bututun Bindigar Baba

Tun da gwamnati ta ba da wa'adin wata uku kowa ya miƙa bindigarsa, mai walda bai ƙara samun sakat ba. A rediyo musu, a shago musu, a gida kuma ƙaninsa Dogo ya riƙe maganar kamar ana biyansa albashi.

"Yaya, ɓarawo zai bi layi ya miƙa tasa ne? Mu kaɗai za a mayar kaji."

"Shekara goma kana jiran ɓarawon nan bai zo ba," in ji mai walda. "Ni maƙwabcinka nake jiye wa."

Bindigar ta marigayi babansu ce, tana bayan durowa a ɗakin Dogo. Shi kuwa zuciyarsa a kusa take. Sau biyu yana ɗauko ta a kan rikicin magudanar ruwa da maƙwabcin. Mai walda dai ya gaji da ɓata yawu. Ran nan da Dogo ya fita aiki, sai ya naɗe ta a buhu ya kai shago, ya cusa guntun ƙarfe cikin bututunta, ya liƙe da walda, ya goge tsaf ya mayar. Haka ya saba: abin da ya ƙi gyaruwa, a toshe shi a huta.

Sai bayan kwana huɗu, yana cikin haɗa wata ƙofa, abin ya faɗo masa. Bindigar da aka toshe ba shiru take yi ba, fashewa take a fuskar mai harbi. Tsoro ya kama shi. Ko shagon bai rufe ba ya nufi gida, ya tarar da Dogo yana wanke babur, ya faɗa masa komai.

Dogo ko ɗagowa bai yi ba. "Haba Yaya, ni ne ban san hannunka ba? Ƙaurin walda ya cika min ɗaki. Washegari na kai wa 'yan sanda ita, har godiya suka yi min."

Mai walda ya sauke ajiyar zuciya. "Alhamdu lillahi."

"Dama ta tsufa," in ji Dogo, yana matse tsumma. "Wadda na sayo 'yar ƙarama ce, aljihu ma tana shiga."

Mai walda ya kifa bokiti ya zauna a kai. Ta ƙasan katanga, ruwan wankin maƙwabci ya fara gangarowa tsakar gidan. Dogo ya ajiye tsumman ya miƙe.