Sai Tunkiyarsu Ta Taka

Kazar ta taka. Ga ta can tana tono a tsakar gida, kamar ba ita Makau ya karya wa ƙafa ba. Dikko kuwa yana nan kan tabarma.

Abin ya ci wa Makau rai. Tun kakanni haka ake ɗori a gidan nan na Zugu: a karya ƙafar kaza, a ɗaure ta rana ɗaya da ta majinyaci, in ta taka ya taka. Kaza ba ta taɓa kunyata shi ba sai a kan ɗan cikinsa. Ramin zinariya ne ya rufta wa Dikko, ya niƙe ƙwaurinsa, guntun ƙashi ya bi ƙasa. Rauni ya warke, amma maɗori haɗawa yake yi, ba ya halitta. Likita a Gummi ya ce a yanke a sa ta roba, ga ma motar da dangi suka ɗauko tana jira a ƙofar gida.

"Baba, ba ni zuwa," in ji Dikko. "Na ji ga rediyo, Turawa na ɗibar wasu ƙwayoyi cikin ɓargon mutum, su raine su, su dasa inda ƙashi ya ɓace, shi tsiro awa gero."

Sa'idu, ƙanen Makau, ya yi tsaki. "Yaushe wannan za shi iso Zugu? Tashi, yaro. Da babu gara ba daɗi."

Makau ya dubi ɗansa. "Wa sunka yi wa?"

"Ga tumaki sunka fara, Baba."

Sai dariya ta ƙwace wa tsohon, ta farko tun ranar da aka shigo da Dikko a sanƙame.

"Ashe su ma suna da kazarsu!"

Ya fita da kansa ya sallami direba. Sa'idu ya bi shi yana faɗa, dangi na ta ba da baki, ko waiwaye bai yi ba. Ya dawo da sabbin karare da tsumma, ya durƙusa. Tsoro yake ji, ya kuma san da wuya ya ga ranar isowar maganin da idonsa.

"Miƙo ƙafar," ya ce. "Ba a sai da gona don damina ta yi jinkiri. Muna nan sai tunkiyarsu ta taka."

Ya ja tsumman, ƙullin ya ɗauru tam.