Maɓallai Bakwai

Duk unguwar da Saratu take zaune a Gummi babu wanda bai san daga Dareta ta zo ba, kuma babu wanda ya taɓa barinta ta manta. Shekara uku ke nan da ta sauka gidan yayanta Haladu da ƙullin kaya ɗaya. A Dareta ta baro ƙananan kaburbura biyu, na Mas'ud da na Zainab, waɗanda gubar dalma ta ɗauke cikin wata guda, a bazarar 2010. Gubar daga dutsen zinarin da ake dakawa a tsakar gida ta fito, kuma ita Saratu ce ta daka da hannunta, a turmin da take surfe. Mijinta ya koma ramin haƙa, ita kuwa ta ce ko kallon turmin nan ba ta sake yi. A haka auren ya mutu.

Zaman banza ya ishe ta, sai ta kama sana'ar hannu. Takan karɓo ragowar maɓallai wurin Makau tela, ta zura su a zaren roba, ta yi 'yan kunne da abin hannu da sarƙa. Takan kuma tara kwalabe masu faɗin baki, ta ɗebo yumɓu a bakin gulbi, ta cuɗa shi da ƙaro, ta lulluɓe kwalbar, ta zana ganye da taurari da tsinken tsintsiya, ta danna maɓallai a jiki tun yana ɗanye. Ba a gasa shi, don kwalba ba ta jure wuta. A inuwa yake bushewa, kuma ruwa ne kaɗai maƙiyinsa.

'Yan kunnen suna tafiya, 'yan mata har rububi suke yi. Kwalaben kuwa, wallahi abin takaici, sai mace ta tsaya tana yabawa hannuwanta a goye a baya. Maɓalli roba ne, babu ruwansa da kowa. Amma ƙasa, a hannun mutuniyar Dareta? Yumɓun daga gulbin da suke wanki ya fito, sun sani sarai, wasu ma da idonsu sun gan ta tana ɗiba. Sanin bai sa ko mace ɗaya ta miƙa hannu ba.

Da aka sa ranar auren Shamsiyya, 'yar farin Haladu, Saratu ta ji ranta ya yi sanyi irin wanda ta daɗe ba ta ji ba. Uwa ba ta zuwa jere, aikin gwaggo ne, kuma ita kaɗai ce 'yar'uwar Haladu mace. Abu ɗaya take so: ta shiga ɗakin amarya da aikin hannunta, ta jera shi a inda kowa zai gani, a san hannun nan da ya daka mutuwa yana iya yin abin da za a ajiye a ɗakin 'ya. Ta zauna ta yi kwalabe goma sha biyu, na turaren wuta, na humra, na kwalli, na kanumfari.

A ta ƙarshen ta yi abin da ba ta gaya wa kowa ba. Ranar da masu kwashe gurɓatacciyar ƙasa suka shigo gidanta a Dareta, ta zauna da reza ta yanke maɓallan rigunan yaranta kafin a fitar da kayan. Guda bakwai ne, huɗu shuɗɗa na rigar sallar Mas'ud, uku farare masu kamar fure na Zainab. Ta wanke su da sabulu ya fi sau goma, ta ƙulle a bakin zane tun daga lokacin. Shamsiyya ce take goyon Zainab in ta zo hutu Dareta, Mas'ud kuma ba ya cin tuwo sai a kwanonta. Saratu ta ce a ranta, su ma su je bikin yayarsu. Ta danna su bakwai ɗin a wuyan kwalbar turare.

Hawwa'u, matar Haladu, ta leƙo ta ga kwalaben a jere. Ta tsaya a kansu ta ce:

"Gwaggon yara, aikin ga ya yi kyau ƙwarai. Amma ki ba yarinyar ga 'yan kunne kawai, sun isa. Dangin miji mutanen Bukkuyum na, sun san abin da ya faru ƙauyukkansu. Kar a fara da surutu."

"Yumɓun gulbi na, Yaya," in ji Saratu. "Inda kike wanki."

"Na sani. Ni dai na faɗa."

Saratu ba ta yi musu ba. Ta ji labarin masu gwajin ƙasa suna Anka, saboda aikin da ake yi a ƙauyukan can. Washegari ta naɗe kwalba biyu a tsumma, da curin ɗanyen yumɓu a leda, ta hau mota. A Ɗaki Takwas aka canja mota, ta rungume ƙullin kamar jinjiri don kar kwandasta ya cusa shi ƙarƙashin buhuna. Ta wuni a bakin ofishinsu a Anka kafin wata ma'aikaciya ta tausaya mata. Matar ta ɗora wata na'ura mai kama da ƙaramar bindiga a kan yumɓun, ta duba, ta sake ɗorawa a kan kwalaben.

"Baba, wannan ƙasar lafiya lau take. Ko yaro ya taɓa babu komai."

"Ki rubuta min."

Aka rubuta mata a takarda. Ba ta iya boko ba, amma ta dawo da ita a ƙirji, ta miƙa wa Haladu a gaban matarsa. Ya karanta a bayyane, ya ce magana ta ƙare, kwalabe za su tafi. Hawwa'u ta ce to, Allah ya sa alheri.

Ranar jere Saratu ta sha gaban kowa. Ta jera sha biyun a saman kabad, ta sa mai maɓallai bakwai a tsakiya. Dangin ango suka yi ta tambayar a wace kasuwa aka samo su, wata tsohuwa har ta ɗauki ɗaya ta shinshina. Shamsiyya ta riƙe hannun Saratu ta cikin lulluɓi ta ce, "Gwaggo, na gode, babu mai irinsu." Ranar Saratu ta ci abinci har ta nemi ƙari, abin da rabonta da yi tun Dareta.

Bayan wata biyar labari ya zo cewa Shamsiyya tana da juna biyu. Saratu ta soya gyaɗa, ta yi sabuwar sarƙa, ta hau motar Bukkuyum da hantsi. Tana yin sallama ta shiga, idonta ya sauka kan wani faranti a tsakar gida. Kwalabe ne a kife suna shan rana, fes, babu ɗigon ƙasa a jikinsu. Ba ta gane su ba sai da ta ƙirga. Goma sha biyu. Gefe ga babbar roba da jan ruwa ya kwanta a gindinta, ga sawun laka ya miƙe daga nan har bakin rariya.

Shamsiyya ta fito da murmushi, sai ta ga inda gwaggonta take kallo.

"Gwaggo, ki yi haƙuri. Jiya na tahi awo, aka yi muna bayanin dalma, yadda take shiga ɗa tun yana ciki. Ban yi barci ba. Da sahe na jiƙa su."

"Ba ki ga takardar ba?"

"Na gani. Na san ba komai. Zuciyata ce ta ƙi kwanciya." Ta share ido da gefen mayafi. "Kwalaben suna nan, ai zan sa gishiri da daddawa."

Saratu ta so ta yi faɗa, faɗan ya ƙi fitowa. Me za ta ce? Da ita ma ta ji irin wannan tsoron shekara uku da suka wuce, da yanzu Mas'ud yana aji uku. Wannan ne ya fi ƙona mata rai: yarinyar ba ta yi laifi ba, kuma ita Saratu ba ta da wanda za ta kama.

"Maɓallan da ke jiki fa?"

"Sun bi ruwa, Gwaggo. Ai Makau yana da su da yawa."

Saratu ta ajiye gyaɗar. Ta je bakin rariya ta durƙusa, da zanen fitarta da komai, ta zura hannu cikin lakar tana lalube. Jajaye suka fito, da baƙaƙe, na Makau, ta watsar. Ta tura hannu cikin ramin har gwiwar hannu, inda ruwan yake fita zuwa kwatar waje. Shamsiyya tana tsaye tana cewa ta bari, ƙazanta ce, mene ne abin nema a maɓalli. Saratu ta ci gaba da lalube. Ta samu shuɗi ɗaya, can kuma ta samu wani. Ta daɗe tana tona, na Zainab ko ɗaya bai fito ba.

Ta miƙe, ta goge biyun a zanenta, ta ƙulle su a inda suka saba zama. Sannan ta tuna sarƙar da ta kawo, ta ciro ta ta miƙa wa Shamsiyya, don tsaraba ce, kuma ba a komawa da tsaraba.

Shamsiyya ta kalli hannun, laka har gwiwa. Hannunta ɗaya ya koma kan cikinta, ta ja baya kaɗan. Ta juya ta ɗauko buta da sabulu, ta ajiye a ƙasa tsakaninsu.

"Gwaggo, fara wanke hannu tukuna."

Saratu ta tsuguna ta wanke. Ta sa sabulu sau uku, yadda aka koya musu a Dareta bayan an gama binne yara.