Sai Ya Buga Ƙasa

Saura kwana tara a sako Edivaldo daga gidan yari, matarsa Jucileide kuma har yau ba ta iya kamun kafaɗa ba. Ba ƙarfi ta rasa ba. Mai dakon kwandunan kifi a bakin kogi a birnin Belém ai ba a yi mata gorin ƙarfi. Tausayi ne ya yi mata yawa.

Kamun ba wuya. Ka danne wuyan hannun mutum a ƙasa, ka zura ɗaya hannunka ta ƙarƙashin damtsensa, ka riƙo naka wuyan hannun, sai ka ja a hankali. In ya ji kafaɗa za ta goce ya bubbuga ƙasa, kai kuma ka sake shi. Ita tun kafin a buga take saki.

"'Yata, wa ya ce ki sake ni?" in ji Mestre Osvaldo, tsohon da ke koya mata, yana kwance a tabarmar kokawa. "Kin ji na buga?"

"Na ga fuskarka ta canza."

"Haka aka haife ni da ita, ba kyau. Ki daina kallon fuska. Bugun ma alkawari ne tsakanin waɗanda suka gaisa kafin su kama. Sake gwadawa."

Ta kama, ta kuma saki. Ta koma gefe tana kuka, don tsoro ya gama cinye ta. Ranar da aka tafi da mijin nata ya rantse sai ya ƙarasa abin da ya fara, ga haƙarƙarinta biyu da ya karya shaida. Ina za ta gudu, ga uwarta kwance ba ta tashi?

Ran Talatar da aka sako Edivaldo da tsakar rana ya shigo, tana sauke tukunyar wake. Nan take ya shaƙo ta, suka zube a kicin. Ta mirgina ta hau kansa yadda aka koya mata, hannayenta suka sami hanya da kansu.

"Leide, masoyiyata, sake ni," ya ce. "Wasa nake yi."

Fuskarsa ta canza, sai ta runtse ido. Ya shiga bubbuga siminti da tafin hannu.

Ta san wannan sautin. Shekara bakwai tana bubbuga bangon nan haka ko maƙwabta za su ji, kuma ko sau ɗaya bai taɓa sakin ta ba.

Ta ja hannun har ƙarshe.