Ƙugun Wandon Injiniya

"Ɗaga hannu," na ce masa. "Kuma ka daina riƙe numfashi, ba hoto za a ɗauke ka ba."

"Ban riƙe komai ba, Tela. Auna kawai."

Na zagaya tef a ƙugunsa, na duba, na saki, na sake zagayawa. Inci talatin da huɗu. Wata biyu da suka wuce talatin da shida na auna. Kafin nan kuwa shekara goma sha ɗaya ina auna mutumin nan, talatin da takwas ne, ko gezau.

"Nawa?" ya ce.

"Ka fi ni sani."

Ya shige bayan labulen da masu gwada kaya ke shiga, ya tuɓe wandon, ya miƙo mini ta sama. Na ji ya zauna a kan kujerar roba yana haki, kamar wanda ya hau bene.

Injiniya maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu, shagona kuma yana jikin ƙofar gidana. Ba shi da takardar injiniya ko ta rantsuwa. Mai walda ne, yana haɗa ƙofofi da tagogi a wani gareji can ƙarshen layi, amma tun da ya gyara injin ruwan unguwa sunan ya bi shi. Ban taɓa ganinsa da wani wando ba sai jins. Yakan ce shi kaɗai ne yadin da tartsatsi ke jin kunyarsa.

Ni kuwa na tsani jins. Karya allura yake, ya wahalar da keke, ya bar maka kanta a yatsa. Amma Injiniya ya mai da ni gwaninsa ƙarfi da yaji, don fitinanne ne a kan wando. In ya sayo sabo, sai ya tsaya mini a kai yana karatu.

"Yatsa biyu, Tela. In ka zura yatsa biyu a ƙugu suka shiga ba da kokawa ba, ya zauna. In hannu ya shige, buhu ka sa. In sai da bel yake tsayuwa, ba naka ba ne, na aro ne."

Sai ya tsuguna ya miƙe sau uku don ya ji ko cinya ta matse. Ƙafa kuma ta sauka kan takalmi da lanƙwasa ɗaya tak, kar ta share titi, kar ta tsaya a idon sawu. In saurayi ya wuce da wando a rabin ɗuwawu, Injiniya kan bi shi da kallo har ya sha kwana, ya ce, "Wannan ko ba shi da tela, ko ba shi da uba."

Da ya fara ramewa, ya gaya wa kowa likita ne ya ce ya rage tumbi. Mun yi ta tsokanarsa wai zai koma saurayi. Ni ma na yarda, na rage masa inci biyu na farko ina dariya.

Wannan karon ban yi dariya ba. Na farke mariƙin bel na baya, na ja layi da alli, na ɗauki almakashi.

"Kar ka yanke," ya ce daga bayan labule. Ƙarar almakashin ya ji. "Ka ninke a ciki kamar wancan karon. In jikina ya dawo sai ka sake mini."

"Zai yi tudu, ya dame ka a baya."

"Bar shi ya dame ni."

Na taka keke. Sai da na kai rabin layi ya sake magana, muryarsa ƙasa-ƙasa, har na ɗaga ƙafa don in ji.

"Ƙari ne a cikina. Sun ce ya bazu."

Na zauna ina kallon labulen, ina ganin ƙafafunsa ta ƙasa cikin safa, ɗaya ta huje a babban yatsa.

"Malama ta sani?" na ce. Malama matarsa ce, tana koyarwa a makarantar firamare da ke bayan layinmu.

"Ba ta sani ba, kuma ba za ta ji daga bakinka ba."

"Haba Injiniya."

"Saurara. Ranar da ta sani, ranar na tashi daga miji na koma majinyaci. Za ta bar makaranta, ta zauna tana ƙirga mini loma. Shekara biyu ta yi tana jinyar mahaifinta, na ga yadda ta koma. Ka rage mini wando kawai. In wando ya zauna a jikin mutum, ba wanda ke lura da abin da ya ragu."

"To ka sayi sabo daidai jikinka."

"Ta san lambata. Ita ta sayo mini wannan. In ta ga ƙaramar lamba a jiki, magana ta ƙare."

Na yi masa alkawari. Ina faɗa ba don in wanke kaina ba: ban ko yi gardama mai ƙarfi ba. Mutum yana zaune da gajeren wando a bayan labulenka yana roƙonka, me za ka ce masa? Na ƙarasa ɗinkin da jan zare, don shi ke cikin keke, kuma ciki ne, ba mai gani. Na farkon da farin zare na yi shi.

Daga nan ya tattara sauran wandunansa ya zuba a akwati, wai sun tsufa. Wannan shuɗin mai duhu kaɗai ya riƙe. Kullum da safe ya fito da riga a soke, ya ɗaga mini hannu, ya nufi gareji yana taku ɗai-ɗai. Daga nesa ka rantse lafiyarsa ƙalau. Ni da na san abin da ke ninke a bayansa, sai in sunkuyar da kai in yi kamar ina neman allura.

Bayan mako shida ya dawo. Talatin da biyu. Na yi layi na uku da koren zare. Da ya sa, na zagaya bayansa na duba, raina ya ɓaci. Duk incin da ka cire daga tsakiya, aljihun baya biyu matsowa suke kusa da juna. Yanzu tsakaninsu bai fi faɗin yatsa uku ba.

"Ya yi?" ya ce.

"Ka riƙa sakin riga a kai."

"Ni? Sakin riga?" Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Amma washegari da rigar a sake ya fito.

A makon ne Malama ta shigo shagona da yamma, tana dawowa daga makaranta, littattafan yara a hammata. Ta ce zik ɗin jakarta ne ya lalace. Na duba, lafiyarsa lau, ɗan zare ne ya maƙale. Na cire na miƙa mata. Ba ta tafi ba. Ta tsaya tana shafa wani yadi da ke rataye.

"Maƙwabci," ta ce, "kwanan nan maigidan ya cika zuwa wajenka."

"Kin san halinsa da wando. Ba ya gajiya da gyara."

"Haka ne." Ta saki yadin. "Kai da kake auna shi, ka ga wani abu?"

Ta dube ni ido cikin ido. Wallahi maganar ta zo har bakina. Na tuna safar nan mai huji, na tuna alkawari.

"Tumbi ne ya sauka, Malama. Mu ma nema muke."

Ta gyaɗa kai a hankali. "To. Na gode." Ta gyara littattafanta ta fita. Ranar na karya allura biyu a kan yadin da ko yaro zai ɗinka, na rufe shago tun kafin rana ta faɗi.

Zuwansa na ƙarshe da hantsi ne. Daga ƙofar gidansa zuwa tawa taku goma ne, amma sai da ya dafa katanga. Ya riga ya daina zuwa gareji, ya ce wa Malama aiki ne ya yi ƙasa. Ban so aunawa ba, shi ya kama tef ɗin ya sa mini a hannu. Talatin. Ƙasusuwan ƙugunsa suna tokarar yatsuna.

Ya shiga bayan labule, ya daɗe kafin wandon ya fito. Na juya shi. Abin da na yi ta ninkewa ya zama dunƙule mai tauri, gefensa har ya yi baƙi-baƙi da jini inda yake gurzar bayansa.

"Tela."

"Na'am."

"Yanke shi."

Na yi kamar ban ji ba.

"Ka ji ni. Yana cin bayana, ba na iya jingina. Yanke."

"In jikinka ya dawo fa?"

Na jira, na jira, ba abin da ke motsi sai labule. Na yi layi na huɗu, na sa almakashi. Sau uku na danna kafin ya ratsa, don kauri. Ƙyallen ya faɗo a cinyata, mai faɗi a sama, mai tsini a ƙasa. Ban iya jefa shi cikin tarkacen ƙasa ba, na tura shi aljihun tebur.

Ya sa wandon ya tsaya gaban madubi. Ya zura yatsa biyu a ƙugu, suka shiga daidai. Ya so ya tsuguna yadda ya saba, ya kai rabi ya fasa.

"Ya zauna," ya ce. "Hannunka na da kyau, maƙwabci. Ban taɓa faɗa maka ba don kar kanka ya kumbura."

Kwana tara bayan nan ya faɗi a tsakar gidansa da safe, yana ƙoƙarin ɗaura igiyar takalmi. Ni na ɗauke shi zuwa mota, ni kaɗai, mutumin da a da ko mutum biyu ba sa iya ture shi. Ya kwana biyu a asibiti bai farfaɗo ba. Malama tana gefensa tana riƙe da hannunsa tana yi masa magana, amma ko ya ji ko bai ji ba, ba wanda ya sani. A rana ta uku da azahar ya cika.

Sai da mutane suka watse, gidan ya yi tsit, sannan ta zo shago. Wandon na ninke a hannunta. Na miƙe na ba ta kujera, ta ƙi zama. Na fara yi mata gaisuwa, ta katse ni.

"Fari, ja, kore," ta ce.

Na dubi wandon da ke hannunta.

"Ni ke wanke masa, maƙwabci. A juye ake wanke jins don kar ya koɗe, shi ya koya mini tun muna sabon aure. Duk layin da ka yi na gani. Na ce tunda bai bari an yanke ba, yana da sauran rai a ransa, bari in ƙyale shi da sirrinsa. Na zo wajenka don ko kai ka buɗe mini ƙofa, in samu in shiga in same shi. Ka ce mini tumbi."

"Alkawari na yi masa, Malama."

"Na sani. Ka cika masa." Muryarta ba ta ɗaga ba, da ma ta zage ni da ya fi mini. "Ranar da na juya wandon na ga an yanke, ranar na yi kukan mutuwarsa, a bakin famfo, da kumfa a hannuna. Na wanke fuska na shiga na tambaye shi me zai ci. Wata biyar muna gida ɗaya, shi yana ɓoye mini, ni ina ɓoye masa na sani. Ko sallama ba mu yi ba."

Na rasa inda zan sa idona. Har yau ban san ko daidai na yi ba.

Ta ajiye wandon a kan tebur.

"Ina abin da ka yanke?"

Na jawo aljihun tebur na ɗauko. Ta karɓa, ta bi layukan da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta miƙo mini.

"Mayar masa. Ba wannan na saya ba. Mijina talatin da takwas ne."

Yini guda na yi a kansa. Na farke koren, na farke jan, na farke farin, ƙyallen ya buɗe. Na goge shi, na zaunar da shi inda ya fito, na ɗinke gefe biyu. Tunda ya daɗe a ninke a ciki bai sha rana ba, ya fi sauran wandon duhu, ba yadda za a yi ya ɓoyu. Aljihun biyu suka koma mazauninsu. Na sa tef: talatin da takwas.

Washegari da na fito buɗe shago, na hango shi ta saman katanga a kan igiyar shanyarta, a juye, an maƙale shi da mariƙi biyu. Ruwa na ɗiga daga ƙafafunsa, iska kuma ta shiga ta ƙugun ta cika shi.